Kakar Paloma

Na san Herminia Saldívar a kamfanin lemo, shekarar da na fara aiki a can ina budurwa. An tsayar da ni kusa da ita a bakin bel ɗin da lemo ke gudu a kansa, aka ce in riƙa cire ruɓaɓɓu da masu tabo. Kafin rana ta yi tsaka kaina ya fara juyawa, lemo ya koma mini biyu-biyu. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke yarinya, kalli hannunki, daina kallon bel. Za ki yi mana amai a kan abincin Turawa." Da aka tashi cin abinci ta ga ban zo da komai ba sai biskit, ta turo mini rabin tortiyarta, wainar masara irin tamu, da wake. Tun daga ranar nake kiranta Yaya Mina. Ita kuma tana kirana Chela, ko "mai baki biyu" in tana son tsokanata, don ni a nan California aka haife ni, ina jin Turanci.

Daga wani ƙauye na kan dutse a Michoacán, can Mexico, ta fito. Tana amarya ta biyo mijinta Baudelio zuwa California, suka yi ta bin amfanin gona yadda kowa ke yi, inabi ya wuce a koma zaitun, zaitun ya wuce a koma lemo. A garinmu suka tsaya, don ta ce ɗanta ba zai tashi a bayan mota ba. Yaron, Rigo, bai gama firamare ba Baudelio ya rasu. Wata rana mai zafi ya sauko daga tsani ya ce ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a gindin bishiya da buhu a wuyansa, bai ƙara tashi ba. Herminia ba ta sake aure ba. Manema sun zo, ta ce ta wanke wa namiji ɗaya safa, ya ishe ta har lahira.

Gidan tirela, irin wanda ake ja da mota, take zaune a bakin gari, kusa da magudanar ruwan gonaki. Ta shuka barkono a tsofaffin bokitai, ta ajiye kaji a baya duk da an hana. Fiye da shekara talatin a ƙasar nan, Turancinta bai wuce gaisuwa ba, kuma abin bai taɓa damunta ba. Coci da harshenmu na Mexico ake yi, mai kanti namu ne, rediyo namu ne. In na yi mata magana sai ta ce, "Lemon da nake tsincewa Turanci yake ji?"

Rigo ya tashi kyakkyawa, mai sanyin murya, mai yawan dariya. Aibinsa ɗaya, ba ya iya tsayawa a gaban rigima. Tun yana ƙarami in an yi masa faɗa sai ya sulale ya bar gidan, ba zai dawo ba sai ya tabbatar an huce. Ya zama direban babbar mota. Ya auri Noemí, yarinyar layinsu, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi tana kuma karatun zama nas. Ban taɓa ganin uwar miji ta so matar ɗanta kamar haka ba. A gidan Herminia suka tare. In Noemí ta dawo daga aiki da kumburarrun ƙafafu, Herminia ce ke kawo mata ruwan ɗumi da gishiri, tana zagin ɗanta da ya bar mace tana wahala.

Da aka haifi Paloma, Noemí ba ta daɗe ba ta koma aiki, don ba yadda za ta yi. Daidai lokacin gwiwoyin Herminia suka ƙi tsayuwar bel, ta ajiye aikin ta ɗauki jaririya. A gadonta yarinyar ta kwana tun tana tsumma. Ita ta yaye ta, ita ta kai ta allura, ita ta koya mata addu'ar kwanciya. Da ta shiga makaranta, kullum da safe za ka gan su a gefen titi, tsohuwa tana ɗingishi, yarinya da kitso biyu tana tsalle a gabanta, suna musu kamar sa'anni.

"Kaka, ke kin cika tafiyar kunkuru."

"Ke kuma kin cika bakin aku. Tsaya in ɗaure miki takalmi kafin ki zubar da sauran haƙoran."

Auren bai mutu da hayaniya ba. Rigo yana kan hanya mako da makonni, in ya dawo barci ne, in ya tashi yana wurin abokai da kwalba a hannu. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ba ya nan ne kawai, ko da yana zaune a ɗakin. Ranar da Noemí ta gama karatunta aka yi bikin ba su shaida, ni da Herminia da Paloma muka je muka yi ta tafi. Kujerar da muka ajiye masa da jaka, haka muka ɗauke jakar muka fito. Bayan nan ba da daɗewa ba Noemí ta koma gidan yayarta. Amma kullum da asuba tana kawo Paloma, ta gaida Herminia, ta sha kofi a tsaye, ta wuce. Herminia ta ce mini fushi ne, za ta dawo.

Sai aka kawo wa Rigo sammacin raba aure. Ya karɓa, ya jefa bayan kujerar motarsa, ya tafi. Herminia ce ta zo gidana ta ce, "Chela, an ce akwai wata lauya da ke jin maganar mutane. Kai ni."

Ofishin yana tsakanin gidan wanki da gidan burodi, tsohon shagon takalma ne, har yanzu da kantocin a bango. Ranar Asabar suke buɗewa saboda waɗanda ba su iya barin aiki. Mun tarar da wurin cike: maza da fenti a takalma, mata da goyo, wani dattijo riƙe da hularsa a gwiwa kamar a coci. Ba mai kallon kowa, don kowa ya san abin da ya kawo ɗan'uwansa. Lauyar, Ofelia Quintero, ba ta kai shekara arba'in ba, 'yar masu tsinkar inabi ce. Muna shiga tana waya da Turanci, ta ajiye, ta juyo da harshenmu tsaf kamar a ƙauye. Na ga kafaɗun Herminia sun sauka.

"Inna, ke ce mai neman a raba auren, ko ke aka kai ƙara?"

"Ni? Nawa mijin yana maƙabarta, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa kai ni ƙara ba."

Ta kwashe labarin ta faɗa mata, tun daga haihuwar Paloma. Ofelia ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta ce, "Inna, zan gaya miki gaskiya tun yanzu, don kada ki ji ta a bakin wani. Mutum biyu ne a wannan shari'ar, ɗanki da matarsa. Su kotu ta sani."

"Yarinyar fa?"

"A kanta ake maganar."

"To ai ni ke da yarinyar."

"Ke ke riƙe da ita. Amma a wurin doka, uwa da uba ke da ita."

"Tambayi dokar, ran da yarinyar ta yi zazzaɓi har idonta ya kafe, a bayan wa take?"

Ofelia ta ce, "Ni ma kakata ce ta raine ni. Ban ce miki daidai ba ne, na ce haka abin yake. Ki kawo mini ɗanki. In ya amsa sammacin ya nemi nasa kwanakin da 'yarsa, kwanakinsa naki ne. In ya yi shiru, alƙali zai ba Noemí abin da ta nema, don ba wanda ya ce a'a. Kuma akwai wa'adi, in ya wuce ya wuce."

Ina wurin ran da ta tare Rigo. Yana wanke motarsa a bakin gida, ta tsaya a kansa da sandarta.

"Mama, ni ba zan je in tsaya gaban baƙo ya yanka mini 'yata kamar kankana ba, wannan ɓarin naka, wancan nata."

"In ba ka je ba, duka za a ba ta."

"Noemí ba za ta yi miki haka ba. Kin san ta."

"Ita na san ta. Kai ne har yau ban gane maka ba."

Ya yi dariyar nan tasa, ya rungume ta da jiƙaƙƙen hannu, ya ce to, Asabar zai je. Asabar muka zauna a ofishin har masu jira suka ƙare. Ofelia ta kawo mana burodi daga maƙwabta. Ashe Rigo ya ɗauki kaya zuwa Texas tun da asuba, ya kashe waya. Wa'adi ya wuce. Aka raba auren, aka ba Noemí riƙon Paloma ita kaɗai.

Da farko ba abin da ya sake. Noemí na kawo yarinyar da safe, tana ɗauka da yamma, har Herminia ta fara cewa lauyar nan ta tsorata ta a banza. Paloma na aji uku lokacin. Wata rana muna naɗe tamal, ƙullun masara da ake turarawa a ganye kamar alala, a kicin ɗin Herminia, yarinyar na gefe tana wasa da ƙullu, sai ta ce, "Kaka, a Idaho ƙanƙara na saukowa daga sama kamar gari. Mama ta ce za ta saya mini takalmi mai gashi a ciki."

Herminia ta ce, "Ina ne kuma Idaho?" Ni ta tambaya, ba yarinyar ba. Na kasa kallonta.

Da yamma Noemí ta zo, ta ga fuskar Herminia, ta gane. Ta tsaya a bakin ƙofa da kayan aikinta a jiki.

"Mama, na so in gaya miki da bakina."

"Yarinya ta riga ki."

"Aiki na samu a babban asibiti, da rana kaɗai. Akwai kuma wanda ke nemana da aure, mutumin kirki ne, can yake. Mama, tunda na haifi Paloma ban taɓa yi mata kitso ranar makaranta ba. Ina so in yi rainon 'yata kafin ta gama girma."

"Ba ki yi ba don ba ki iya ba. Ke haihuwa kaɗai kika yi, kika ajiye mini kamar kaya a tasha. Yanzu da ta zama mutum kin tuna kina da 'ya?"

Na ce, "Yaya Mina!" Amma maganar ta riga ta fita. Noemí ta juya ta ce wa Paloma ta ɗauko jakarta, da Turanci ta faɗa. Ba a taɓa yin Turanci a gaban Herminia a gidan nan ba. Washegari ba a kawo yarinyar ba, jibi ma haka.

Muka koma wurin Ofelia. Ta ce akwai 'yar ƙofa ɗaya: kaka na iya roƙon kotu ta ba ta ranakun ganin jikarta, in ta nuna shaƙuwar da ke tsakaninsu. Amma in uwar da ke riƙe da yarinya ta ce a'a, alƙali daga ɓangarenta yake fara auna magana. Ta ce za ta shigar da roƙon, za ta yi iya ƙoƙarinta. Sannan ta riƙe hannun Herminia ta ce, "Inna, hanyarki mafi kusa ba kotu ba ce, zuciyar Noemí ce. Ki ba ta haƙuri. Kuma don Allah, kafin ranar zaman kotu kada ki yi komai da kanki."

Herminia ta kira Noemí ba ta ɗauka ba. Ta aika mata tamal ta hannuna, aka karɓa aka yi godiya, ba a ce komai ba. Makonni suka yi ta tafiya. Ta daina ba barkononta ruwa. Da safe takan fito ta tsaya a bakin titi lokacin da yara ke wucewa, sai sun ƙare ta koma ciki.

Wata Alhamis ta sa rigar cocinta, ta tafi makarantar lokacin tashi. Matar da ke tsaron ƙofa ta san ta shekara da shekaru, ba ta yi tunanin komai ba. Paloma ta hango ta, ta yar da jaka ta sheƙo da gudu. Herminia ta riƙe hannunta suka hau bas. Maƙabarta ta kai ta, wurin Baudelio, don yarinyar ta yi sallama da kakan da ba ta taɓa gani ba. Suka share kabarin, suka sayi ƙanƙara mai zaƙi a wurin mai kura, suka zauna a inuwa ta tsefe mata kai ta sake kitsawa. Wayarta tana gida a kan firiji, dama ba ta saba fita da ita ba.

Yayar Noemí ta je ɗaukar yarinya aka ce kakarta ta tafi da ita. Noemí ta baro aiki, ta je gidan Herminia ta tarar a kulle, waya na ta ƙara a ciki. Ta zo wurina tana cewa, "Inna Chela, Mexico za ta kai ta, ko? Gaya mini gaskiya!" Na rantse mata ban san komai ba, kuma ban sani ba. Ta kira 'yan sanda. Gab da faɗuwar rana aka same su a tashar bas suna jiran motar dawowa, yarinyar na barci a cinyarta. Ba a kama Herminia ba, ɗan sandan ma har gida ya kawo ta. Amma an rubuta abin da ya faru, kuma ya riga mu zuwa kotu.

Da Ofelia ta ji, ta dafe kai. Herminia ta ce, "Jikata na kai wurin kakanta. Sata na yi?"

"Ni na san ba sata ba ce, Inna."

"To ki gaya musu."

"Zan gaya musu."

Ranar zama na ɗauki hutu na kai ta kotun gunduma. Rigo ya ce zai zo ya ba da shaida, bai zo ba. Aka sa wa Herminia abin sauraro a kunne, wani tafinta matashi ya zauna a gefe yana juya mata abin da ake faɗa. Noemí ta yi bayaninta da Turanci, a natse, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta ce matar nan ta riƙe mata 'ya, ba za ta taɓa mantawa ba. Ta ce amma ranar Alhamis ɗin nan ta ɗauka ta rasa 'yarta har abada, kuma ba za ta iya aika ƙaramar yarinya wata jiha wurin wadda ba ta yarda ita ce uwar ba. Herminia tana kallon bakin Noemí, tana jin maganar da muryar namiji a kunnenta. Daga baya ta ce mini wannan ya fi komai yi mata ciwo, yarinyar da ta ci abinci a teburinta shekaru, sai an sa baƙo a tsakani.

Ofelia ta yi magana mai kyau. Ta kawo malamar Paloma, ta kawo bayanin likitan yara cewa kakar ce ke kawo ta kullum. Alƙalin dattijo ne mai gajiyayyun idanu, ya saurara da gaske. Ya tambayi Herminia ko tana da abin faɗa. Mun kwana biyu muna shirya abin da za ta ce, yadda za ta ba da haƙuri, yadda za ta yi alƙawari. Ta miƙe da sandarta, komai ya gudu daga kanta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta cin albasa sai an niƙa ba ta gani ba. In tana barci ƙafa ɗaya a waje take bari, kada a rufe mata, tashi take yi. In ta yi shiru da yawa, to kunnenta ne ke ciwo, ba ta faɗa." Tafinta na bin ta a baya da Turanci. Ta tsaya, ta duba ko'ina kamar mai neman wani abu, ta ce, "Shi ke nan," ta zauna.

Alƙalin ya ce ba ya shakkar ƙaunarta. Ya ce amma uwar ba ta gaza a komai ba, kuma doka ba ta ba shi ikon ya tsallake maganarta a irin wannan hali ba. Ya ƙi roƙon. Ya ce yana fata iyalin za su sami hanya a tsakaninsu. Aka kira shari'a ta gaba tun ba mu gama tattara jakunkunanmu ba.

A baranda Ofelia ta bi Noemí ta tsayar da ita, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Can Noemí ta tako ta tsaya a gaban Herminia, idonta ja. Da harshenmu ta ce, "Mama, za ta riƙa kiranki ranar Lahadi, ta waya mai hoto. Ba kotu ta sa ni ba, ni na ce." Herminia ta ɗaga hannu kamar za ta gyara mata wuyan riga, sai ta fasa. Ta ce, "Ki sa mata hula. An ce can akwai sanyi." Ran da suka tafi an tsaya da mota a ƙofar gidan, yarinyar ta shiga ta rungume ta, ta fito da kwano cike da tamal. Ban shiga ba, a waje na tsaya.

Shekarar farko kiran bai yanke ba. Na koya wa Herminia inda za ta danna. Paloma ta nuna mata ƙanƙara ta taga, ta nuna mata ɗakinta, ta nuna mata haƙorin da ya fita. Sannu a hankali maganar yarinyar ta fara cakuɗewa, kalma ɗaya tamu, biyu Turanci. Mijin uwarta ba ya jin harshenmu, a makarantarsu ma ba mai yi. Ta kai in Herminia ta tambaye ta abu, sai ta waiga ta ce, "Mama, yaya ake cewa…?" Wani lokacin ni ake kira in zauna a tsakani ina fassara wa kaka da jika. Yarinyar ba ta daina sonta ba, kunya take ji in ta kasa, sai ta yi sauri ta ce tana da aikin gida.

Herminia ta shiga ajin Turanci na manya a ɗakin karatu na gari, ta haura shekara sittin. Ta zauna cikin samari sababbin zuwa da gilashinta a kan hanci. Ta dage wata da watanni. Ta zo mini wata rana da fushi ta ce, "Chela, wane irin harshe ne wannan, a rubuta abu daban a faɗi daban? Munafukai ne suka ƙirƙiro shi." Ta koyi tambayar ko an ci abinci, ta koyi cewa ta yi kewa. Ran da ta gwada a waya Paloma ta yi dariya har ta kwanta, ta gyara mata, suka yi ta maimaitawa. Ranar Herminia ta ci abinci sosai. Amma in yarinyar ta ba da amsa da saurin nan nasu, ko kalma ɗaya ba ta kamawa, sai ta yi ta gyaɗa kai tana murmushi. Noemí ta haifi wani yaro, Lahadi ta koma ranar wasan ƙwallon Paloma, kiran ya zama na wata-wata, sannan na ranar biki.

Na sake kai ta wurin Ofelia sau ɗaya, ko akwai abin yi. Ta ce yanzu yarinyar ta zama 'yar can, in ma za a yi magana kotun can ce, kuma ba ta ga abin da ya canza da zai sa wani alƙali ya faɗi daban ba. Ta ce Rigo ne kaɗai ke iya neman a sake duba riƙon. Rigo kuwa yana nan yana zirga-zirgarsa. Yakan zo ya kwana biyu, uwar ta dafa masa, ya gyara mata famfo, ba mai ambaton sunan yarinyar. Sau ɗaya na ji ya ce in ya samu kaya zuwa wajen Idaho zai biya. Ban ji ya samu ba.

Bara aka sayar da filin da gidajen tirelan ke kai, za a gina rumbunan ajiye kaya. Gidan Herminia ya tsufa, ba zai jure ja ba. 'Yan'uwanta na Michoacán suka ce ta dawo gida, akwai ɗaki, akwai mai kula da ita, ga gwiwoyin sun ƙara lalacewa. Ni ma na ce mata ta tafi, don gaskiya can ya fi mata. Ta ce, "Yarinyar nan gida ɗaya ta sani. In ta girma ta zo ta tarar da rumbu, wa zai gaya mata inda nake?"

Na gyara mata ɗakin baya a gidana. Ta rabar da kajin. Kafin ta tare sai da ta sa na zaga da ita wurin mai kantin kwana, da gidan burodi, da wurin Fada, limamin coci, tana gaya wa kowa inda ta koma, ko wata yarinya za ta zo tambaya. Ta sa na aika wa Noemí saƙo, ta amsa da cewa ta gani, Allah ya sa albarka a sabon wuri. Daga ƙarshe ta ce mu biya ofishin lauya, a sanar da kotu. Ofelia ta fito da kanta ta zaunar da ita, ta ce mata a hankali babu wata shari'a a buɗe, ba wanda za a sanar. Herminia ta ce to, ita dai ta rubuta. Ofelia ta ɗauki biro ta rubuta.

Yanzu tare muke. Da safe ina tafiya aiki, ita ta zauna da rediyo. Jikokina suna kiranta Kaka, tana yi musu tortiya, tana yi musu faɗa in sun shigo da takalmi. Paloma ta shiga sakandare, mun gani a hoton da yayar Noemí ta nuna mini a kasuwa, ta yi tsawo, ta yanke gashinta. Na roƙa ta turo mini, na kawo wa Herminia. Ta sa gilashi ta daɗe tana kallo, sannan ta ce yarinyar ta rame, ba a niƙa mata albasar.